Keken lantarkina yana ɗaukewa a hawan tudu, don Allah ku taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wallahi kaina ya ɗaure. Shekara biyu ke nan da sayen keken nan, kuma sai da na yi wata takwas ina tara kuɗi, na sayar da tsohon kekena na cika. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake kai yara makaranta. Bai taɓa ba ni ciwon kai ba sai makon jiya. Da na kama hawan tudu na murɗa totur, sai ya mutu murus, har allon ya ɗauke. In na zare batir na mayar, sai ya tashi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa lafiya lau. Jiya sau 4 ya yi min haka, ga shi an fara yi min faɗan makara a wurin aiki.

Tsohon makaniki: Wa alaikumus salam. Kwantirola ce, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin, ba ko tantama. Kashe keken, ka ɗaga tayar da injin yake ciki ka juya da hannu. In ka ji ta yi tauri, zare wayoyi uku masu kauri da ke shiga injin, rawaya da kore da shuɗi. In ta saki bayan ka zare, MOSFET, wato ɗan makunnin wuta da ke cikin kwantirola, ya ƙone. Canja ta ka huta.

Baban yara: Malam, a gafarce ni, amma MOSFET da ya ƙone ba ya warkewa don an zare batir. Tunda har allo ke ɗaukewa, daga tushe wutar ke yankewa. Ɗan'uwa, ba ka faɗa mana ba, batirin naka 36V ne ko 48V? Na 48V layi 13 ne na ƙwayoyin lithium, in ya cika mitar auna wuta za ta nuna 54.6V. Na 36V layi 10 ne, 42V. A tudu injin yana zuƙar wuta da yawa, to ko layi ɗaya ne ya gaji, ƙarfinsa zai zube, sai BMS ɗin da ke gadin batirin ta yanke komai. Duba kuma bakin da batirin ke zama, ko ya yi baƙi ko ya saki.

Mai tambaya: 48V ne. Amma gaskiya ba batir ba ne, allon yana nuna min a cike. Ina kula da shi ƙwarai. Cajar ce kawai ta lalace wata 3 da suka wuce, nake aron ta maƙwabcina.

Wata 'yar'uwa: Ni kam na sha wahala. Sau biyu wani mai gyara yana canja min kwantirola, ashe ɗan makunnin da ke jikin birki ne ruwa ya shiga, keken yana ɗauka na kama birki. Har yau bai ba ni haƙuri ba, balle ya mayar min da kuɗina.

Tsohon makaniki: Hajiya, naki daban. Ni na ce kwantirola ce. In kana so ka tabbatar, tsallake BMS ɗin ka haɗa kai tsaye, za ka ga bai daina ba.

Baban yara: Don Allah kada ka yi haka! Batirin lithium in ya kama wuta kashe shi aiki ne. Kuma cikar da allo ke nunawa a tsaye ba shaida ba ce, sai an ɗora masa nauyi ake gane lafiyarsa. Me aka rubuta a bayan cajar maƙwabcin naka?

Mai tambaya: Rubutun ya goge, amma bakinta ya shiga daidai, fitilar ma tana komawa kore. Shi ma da ita yake caji, nasa bai taɓa mutuwa ba. Tayar kuma na juya, ba tauri.

Tsohon makaniki: Ba kullum take tauri ba. Canja kwantirola.

Baban yara: Auna batirin da mita bayan ka cire shi daga caji, ka turo mana lambar.

Mai tambaya: Ba ni da mita, Yaya. Gobe da asuba kuma dole in fita da shi. Akwai wanda ya taɓa canja kwantirola da kansa?