Hoton tankar Faransa na 1940: ta wace runduna ce, kuma zan iya buga shi?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Na sayi wani tsohon hoto na tankar yaƙi ƙirar Renault R35 da aka yasar a gefen hanya, ƙofarta a buɗe, an zana alamar zuciya a jikin hasumiyarta, a bayan hoton kuma akwai rubutun hannu da Jamusanci da shekarar 1940, amma babu sunan wanda ya ɗauka. Ina roƙon masana su taimaka mini da abu biyu: shin alamar za ta iya nuna rundunar da tankar ta fito, kuma tunda hoton ya haura shekara 80, ina da damar saka shi a littafin da nake rubutawa?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Malam, alamar za ta kai ka rabin hanya ne kawai. A 1940 tankokin R35 suna ƙarƙashin sojojin ƙasa, an raba su bataliya-bataliya, kowace da tankoki 45: kamfani uku masu tankoki 13 kowanne, sai shida na ajiya. Kamfani kuwa ƙananan rukuni huɗu ne masu tankoki uku-uku, ta goma sha ukun ta kwamanda ce. Alamomin katin wasa da ake zanawa su ke bambanta waɗannan rukunai, kuma bisa al'ada zuciya ta rukuni na biyu ce. Matsalar ita ce kusan kowane kamfani yana da rukuni na biyu, saboda haka sai ka duba lambar rajista da ke jikin tankar, domin da ita ake bin diddigin bataliya.

Da a ce babbar tanka B1 bis ce, da aikin ya zo da sauƙi, domin ana rubuta musu suna a jiki, kamar "Eure" ta Kyaftin Pierre Billotte da ta yi suna a fafatawar ƙauyen Stonne na Faransa ranar 16 ga Mayu, 1940. Kada kuma ka auna ta da tsarin rundunonin dawaki masu tankokin Somua S35, su tankoki biyar-biyar suke haɗawa a rukuni.

Ma'ajin Hotuna:
Ɗan'uwa, mallakar takardar hoto daban, haƙƙin mallakar abin da ke cikinta daban, kuma tsufan hoto shi kaɗai ba ya 'yanta shi. A Faransa kariya tana ƙarewa ne shekara 70 bayan rasuwar mai ɗaukar hoton, a ƙara shekara 30 idan an ayyana cewa ya mutu ne saboda ƙasarsa. Wanda ba a san mai shi ba, ana ƙirga 70 ɗin ne daga lokacin da aka fara wallafa shi. Sai dai rubutun da ke bayan naka yana nuna cewa wataƙila sojan Jamus ne ya ɗauka, kamar dubban hotunan tankokin da aka bari a hanya a waccan bazarar. Dokar Jamus tana ba hoto na yau da kullum shekara 50, wanda ba a taɓa wallafawa ba daga lokacin ɗaukarsa, amma wanda ake ganin akwai fasaha a cikinsa yana samun 70 bayan rasuwa, kotuna kuwa ba sa tsaurara wajen kiran hoto aikin fasaha. Matashin da ya riƙe kyamara a 1940 yana iya kaiwa 1990 a raye, ka ga ke nan haƙƙin yana hannun magadansa har yau.

Tsohon Malami:
Ƙari a kan bayanin Ma'ajin Hotuna: idan littafin zai shiga Amurka, akwai dokar da ta maido da kariya ga ayyukan ƙetare waɗanda ba su fita daga kariya a ƙasashensu ba zuwa 1 ga Janairu, 1996. Ni a ganina ya fi maka kwanciyar hankali ka nemi makamancin hoton cikin waɗanda ma'ajiyar tarihin Jamus, Bundesarchiv, ta saki a 2008 bisa sharaɗin ambaton tushe, ko ka nemi izini daga ECPAD da ke Ivry, mai kula da hotunan sojan Faransa.

Ɗalibin Tarihi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa gilashin ƙara girma na ga lamba a gaban tankar, sai dai laka ta rufe alƙaluma biyu na ƙarshe. Zan ɗauki wurin da kyau in turo muku gobe in Allah ya kai mu.