Lambobin X da Y na filin gasar mutum-mutumi: me za mu kira su?

Malamar Kwamfuta: Assalamu alaikum. A taimaka min kafin gobe da yamma, ranar Asabar zan raba wa 'yan kulob ɗinmu takardar darasi, duk 'yan ƙaramar sakandare ne. Muna atisaye a VEXcode VR, inda yaro ke tuƙa mutum-mutumi a allon kwamfuta ba a sayi ko ƙusa ba. Filin gasar kwaikwayon na gaske ne: ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, tayil 36, shida-shida. Kowane ɗigo a filin yana da lamba biyu, X da Y, da milimita, daga kusan -1800 zuwa 1800, sifili da sifili a tsakiya. Sunan waɗannan lambobin nake nema. Na rubuta "kodinet", na goge.

Baban Husna: Adireshi mana. Yaro ya san adireshi.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. An gudu daga wata kalmar Turanci an faɗa wata. Ni tuntuni na warware wannan: kwantsai. Kwance da tsaye, aka haɗe. X kwance, Y tsaye, kuma kalmar da kanta tana tuna wa yaro wadda zai fara karantawa.

Ɗan Zariya: Allah ya gafarta malam, ka furta ta da ƙarfi a gaban yara ka ji. Kafin a tashi aji sun mayar da ita kwantsa.

Tsohon Hedimasta: Dariyar yara ba hujja ba ce.

Ɗan Zariya: To ga hujja. A kan allo ne Y ke tsaye. A filin gasa duka layukan biyu a ƙasa suke shimfiɗe. Yaron da aka ce wa "tsaye" zai ɗauka ɗaga hannun na'urar ake nufi, kuma tana da hannun da ke ɗagawa. Sai a ce me ranar da aka zo ga tsayi na gaskiya?

Inna Mai Lissafi: Gurbi fa, irin na dara?

Malamar Kwamfuta: Inna, gurbi na ɗauka, amma tayil zan ba wa. Gurbi ɗaya wajen milimita 600 ne, mutum-mutumin na iya zama a ɗaruruwan wurare a cikinsa. Ga masu farawa ma ya zauna daram, don akwai wani fili mai gida 100, kowane gida milimita 200, ana tashi daga gida na 1, wato -900 da -900.

Inna Mai Lissafi: Wannan ya kashe "mafari" ke nan, da na so in ba sifili da sifili. Tunda ba daga nan ake tashi ba, kada a rikita su. Ki ce cibiya. Dama da cibiya X na ƙaruwa, hagu kuma ya faɗa ƙasa da sifili.

Baban Husna: Cibiya ta yi, wallahi.

Tsohon Hedimasta: Cibiya ban ja ba. Amma tun farko wannan abin mai taya huɗu ina kamarsa da mutum da za a ce mutum-mutumi? Gidajen rediyo suka ɗora mana, muka haɗiye. Haka muke, kowa ya kawo sai mu karɓa, namu kuma mu yi masa dariya.

Ɗan Zariya: Baba, "hedimasta" da ke sunanka daga wane ƙauye ta fito?

Tsohon Hedimasta: Ina koyar da Hausa ba a haife ka ba.

Ɗan Maraɗi: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu nan yaranmu da Faransanci suka koyi wannan, harafin Y ma "igrek" suke ce masa, ku kuna cewa "wai". René Descartes da ya fito da tsarin a 1637 Bafaranshe ne, to in takama ce mu ma muna da tamu. Kalmar Hausa ce kaɗai za ta haɗa ɗan Kano da ɗan Maraɗi a takarda ɗaya. Ni "matsaya" na ke gani.

Baban Husna: Matsaya ai ta 'yan siyasa ce, "an cimma matsaya".

Ɗan Maraɗi: Su ma aro suka yi daga wurin tsayawa, Yaya.

Malamar Kwamfuta: Jama'a, mai buga takarda ba ya jira. Ga abin da na rubuta: "Lambobin matsaya su ne X da Y, ana auna su daga cibiya. Fara da X kullum." Na jarraba a kan ɗiyata, na ce ta kai mutum-mutumin matsaya 600 da -1200, ta ɗora yatsa a cibiya, ta matsa gurbi ɗaya dama, ta sauko biyu. Saura inda na'urar ta fuskanta, wanda ake aunawa daga digiri 0 zuwa ƙasa da 360, yana juyawa irin na hannun agogo.

Inna Mai Lissafi: Alƙibla.

Ɗan Zariya: Wasu iyayen ba za su so a ce alƙiblar na'ura ta canza ba. Mafuskanta?

Tsohon Hedimasta: Mafuskanta ta fi tsabta, ko da yake daga bakinka ta fito. Lambobin matsaya kuwa ta yi tsawo, kalma biyu inda ɗaya ta isa.

Malamar Kwamfuta: Baba Malam, zan sa mafuskanta da fensir, in ga wadda yaran za su riƙe. In sa kwantsai a ƙasan shafi?

Tsohon Hedimasta: Kada ki sa min ita a ƙasan shafi kamar sadaka. Ki buga taki. Ni dai jikokina kwantsai za su ce.