In an katse maka hanzari, ya kake yi?

Mai tambaya:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ba wa'azi nake nema ba, abin da ya faru da ku nake so in ji. Aikina na lissafi ne, a gida nake yin sa, kuma irin aikin nan ne da in hankali ya gushe sai an koma farkon shafi. To mutane suna ganina a gida sai su ɗauka zaman kashe wando nake. Wannan ya ƙwanƙwasa, wancan ya kira, wani ya ce minti biyu kawai. In na saurare su aiki ya kwana. In na ƙi, zuciyata ta riƙa ce mini kai ne firist ɗin nan na Luka 10 da ya ratse ya bar mutum kwance a hanyar Yariko. Ku ya kuke yi?

Uwar yara uku:
Ɗan'uwa, kai ma har kana da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Nawa masu katsewar a cikin ɗakin suke kwana. Na daɗe ina tashi da asuba don in yi addu'a kafin gida ya motsa, amma autana kamar yana jin ƙarar buɗe Littafi Mai Tsarki. Da na durƙusa sai in ji ɗan hannu a wuyana. Yanzu ɗaukarsa nake yi in ɗora a cinya, in ci gaba da addu'ar a bayyane yadda zai ji. Wani lokaci ya koma barci, wani lokaci ya ce in yi wa ƙafarsa addu'a ko da ba abin da ya same ta. Ai da almajirai suka tsawata wa masu kawo yara, Markus 10 ya ce Yesu haushi ya ji. Abin da ban samu ba shi ne shirun da nake marmari, wannan kam ina jiran su girma.

Nas:
Ni zan zo ta wani gefen. A wurin aikinmu akwai katsewar da take iya kashe mutum. In ina rabon magani, ina lissafin abin da zan ja a sirinji, wani ya ja mini hannun riga, to ba tawali'u ba ne in juya. Gadon da nake kai shi ne maƙwabcina a wannan lokacin. Abin da nake yi shi ne in ɗaga ido in dubi mutumin, in ce, “Baba, na ji ka, ina gamawa da gadon nan zan zo.” Sai in rubuta lambar gadonsa a ƴar takardar da ke aljihuna, domin “ina zuwa” ita ce ƙaryar da muka fi yi ba tare da mun ƙudura ba. Matiyu 5:37 ya ce i ɗinmu ya zama i. Ni a ganina bangaskiyata ba a wurin tsayawa ake gwada ta ba, a wurin komawa ne. Sau da yawa in na koma sai in tarar ba wani abu ba ne, filo ne ya zame, ko tsoro ne ya kama tsoho da dare ya yi.

Dattijo:
'Yata nas ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara wani abu da ba kasafai ake faɗa ba.

Duk wanda ya yi wa'azi a kan Markus 5 yakan tsaya a gefen matar nan da ta yi shekara 12 tana zubar da jini, ta taɓa rigar Yesu a cikin taro, shi kuma ya tsaya ya ce wa ya taɓa shi. Labari ne mai daɗi in kai ne matar. Amma akwai wani mutum tsaye a wurin, Yayirus, shugaban majami'a, wanda shi ya fara zuwa, shi ya faɗi a gaban Yesu, kuma ƴarsa mai shekara 12 tana bakin mutuwa a gida. Yana tsaye ana tambayar wa ya taɓa wa, matar ta fito tana rawar jiki ta ba da labarinta dukka. Yesu bai rufe baki ba aka zo daga gida aka ce yarinya ta rasu, kada a ƙara wahalar da Malam.

Na taɓa tsayawa a inda Yayirus ya tsaya. Matata tana kwance a asibiti, jiki ya yi tsanani, na je ɗauko fastonmu na lokacin. Mun fito ke nan wani saurayi ya tare shi, idonsa ja, yana magana ƙasa-ƙasa. Fasto ya tsaya. Ni kuwa ina gefe da makullin mota a hannu, ina juya shi har ya yi mini shaida a tafin hannu. Ba zan ɓoye muku ba, a raina cewa nake wannan yaron da ƙafarsa ya zo, tawa kuwa ba ta iya tashi. Can sai fasto ya waiwayo, ya dafa kafaɗata, ya ce, “Ban manta da kai ba.” Ya koma ga yaron. Har yau ban san abin da ya kawo yaron ba, fasto bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Mun isa asibiti a makare, aka yi addu'a, matata ta sha jinya ta tashi.

Abin da nake so ka riƙe, ɗana mai tambaya, shi ne duk lokacin da ka tsaya wa wani, akwai wanda yake biyan kuɗin tsayawar. Wanda ya ba ka aikin lissafi yana jira, shi ma mutum ne. Yesu bai bar Yayirus a tsaye kamar babu shi ba, ya juya ya ce masa kada ya ji tsoro, ya ba da gaskiya kawai. Mu ba ma ta da matattu, amma muna iya ɗaukar waya mu ce wa mai jira, an tsare ni, ga lokacin da zan kawo.

Kafinta:
Baba dattijo, Allah ya ƙara girma. Ni dai ayata Nehemiya 6:3 ce. Sanballat da Geshem, maƙiyan Nehemiya, suka aika masa ya sauko su gana a filin Ono, ya ce yana babban aiki, ba zai sauko ba. Sau 4 suna aikowa yana ba su amsa ɗaya, na biyar Sanballat ya haɗo da buɗaɗɗiyar wasiƙa. Da ya sauko da ba a gama garun Urushalima cikin kwana 52 ba. In injin yanka katako yana gudu ba na amsa kowa, yatsuna goma ne kuma ina son su duka. Akwai masu zuwa su zauna a kan bencina su kawo mini labarin wane da wance. Waɗannan ba Bartimawas ba ne, makahon nan da Yesu ya tsaya wa a hanya, Sanballat ne.

Uwar yara uku:
Kai kafinta, a yi hattara. In aka ba mu wannan ayar, kowa da ya dame mu zai zama Sanballat, har surukai. Nehemiya ya san mutanen nan cutar da shi suke nufi, ba hira ce ta kawo su ba.

Kafinta:
Haka ne Mama. Amma mai gulma ma cutarwa yake yi, a hankali dai yake yin tasa.

Ɗalibi:
Ni matsalata ba mutane ba ne, waya ce. Zan zauna karatu, WhatsApp ya yi ƙara, in duba, kafin in farga na shiga wani wuri daban. Da na ji ana cewa Kirista ya bar ƙofarsa a buɗe sai na samu hujja. Wani yayana a ƙungiyar matasa ya tambaye ni, cikin saƙonnin da suka shigo jiya, nawa ne na wanda yake cikin damuwa da gaske? Na duba, babu ko ɗaya. Yanzu ina kashe sanarwar komai in bar kira kawai, domin wanda abin ya kai masa wuya kira yake yi. Abin mamakin shi ne tun da na yi haka na fi lura da abokin ɗakina, wanda ashe ya daɗe ba ya barci sosai.

Matar fasto:
Na yi ta karantawa ina jinkirin sa baki. Gidanmu gidan da ba a rufe ƙofa ne, kuma ba na gunaguni, mun san abin da muka amsa. Amma ina so masu cewa “kowace katsewa daga Allah take” su zo su ga fuskar yaro da babansa ya tashi daga tebur a tsakiyar labarin da yake ba shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ranar da ɗanmu na fari ya ce shi ma zai fita waje ya ƙwanƙwasa ƙofa ko za a saurare shi, dariya muka yi, amma babansa bai yi barci ba a daren.

Musa ma haka ya yi, yana zaune daga safe har yamma jama'a suna tsaye kewaye da shi, sai da surukinsa Yetro ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da mutanen. Fitowa 18 ke nan. Ya sa shi ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma, manyan al'amura kaɗai su iso gare shi. Mu ma dattawan ikilisiya suka raba kwanaki a tsakaninsu. Wasu membobi sun ji haushi da farko, wai su fasto suke so. Mutuwa, haɗari da rashin lafiya mai tsanani, waɗannan ko ƙarfe nawa ne yana tashi. Sauran suna iya kwana.

Malamin makarantar Lahadi:
Mama, abin da kuka yi tsohon tsari ne a ikilisiya. Benedict, wanda ya rubuta ƙa'idar zaman sufaye a Italiya a ƙarni na 6, ya ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya zo. Amma a cikin ƙa'idar nan ya sa a ajiye dattijo mai hankali a bakin ƙofa don amsa masu zuwa, ya kuma ware wa baƙi ɗakin girki dabam, domin suna zuwa a kowane lokaci kuma kada su dagula wa sauran 'yan'uwa tsarinsu. Wato ya shirya wa katsewar wuri tun kafin ta zo.

Yesu kansa ba kullum yake tsayawa ba. A Markus 1, ya fita da asuba yin addu'a, su Bitrus suka same shi suka ce kowa yana nemanka, ya ce mu tafi garuruwan da ke kusa. A Luka 12 wani ya katse shi a cikin taro ya ce a sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, ya ce wa ya naɗa ni alƙali a kanku. Amma a Markus 6, lokacin da ya ja almajirai su je su huta don ko damar cin abinci ba su samu ba, taro ya riga su isa, ya ji tausayinsu ya fasa hutun. Na nemi doka ɗaya da za ta haɗa waɗannan duka, ban samu ba. Abin da na gani kawai shi ne yana duban wanda ke gabansa kafin ya amsa.

Gwauruwa:
Ku duka kuna magana a matsayin waɗanda ake katsewa. Ni ce mai katsewar. Bayan rasuwar maigidana, da masu gaisuwa suka watse, akwai lokacin da ɗaki yake yi mini faɗi, sai in saka takalmi in fita ba tare da na san inda zan je ba. Na san mutane suna da aiki, ina ganin sa a hannunsu.

Wata 'yar'uwa na same ta tana shirin fita, ta riƙe hannuna biyu ta ce, “Yaya, yau ba zan iya ba, amma gobe da yamma ni zan zo wurinki.” Ta kuwa zo. Ban ji zafinta ba ko kaɗan. Wata kuma ta ce in shigo, ta ba ni kujera, ina magana tana cewa “ayya, ayya”, idonta yana kan waya, tana leƙen agogo. Na yanke maganar a tsakiya ban kai ƙarshe ba, ba ta ma lura ba. Ban ƙara komawa ba, ko da yake na san ba mugunta ta yi ba, kunyar cewa a'a ce ta hana ta. Ta uku ba ta ajiye aikinta ba sam. Tana ninke wanki, ta turo mini kwandon ta ce in kama mata. Muka yi ta ninkewa, ban faɗi wani abin kirki ba, ita ma haka, har na ji numfashina ya daidaita. Ɗana mai lissafi, na san ba za ka iya miƙa wa baƙo shafinka ba. Amma in za ka ce a'a, faɗe ta a fili, kada ka ba mutum kujera ka hana shi kunne.

Mai jinyar mahaifi:
Mama, maganarki ta shige ni. Nawa ya ɗan bambanta. Mahaifina ya tsufa, mantuwa ta kama shi. Zai kira ni ya tambaye ni yau wace rana ce, in faɗa masa, ban kai ƙofa ba ya sake kira. Ba zan iya ce masa gobe ba, domin gobe ba ta zama a kansa. Ba zan ce masa a'a ba, mahaifina ne. Akwai ranar da nake amsa na goma da murya irin ta farko, akwai ranar da ba na iyawa. Akwai wanda ya bi ta nan?

Nas:
Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba da ƙarfi. Muna ganin irinsa da yawa. Galibi ba ranar yake nema ba, so yake ya tabbatar akwai mutum kusa. Gwada ka kawo aikinka ɗakinsa ka zauna inda zai riƙa ganinka, ka rubuta ranar da manyan baƙaƙe ka manna a bangon da yake fuskanta. Kada ka ce masa “ai na faɗa maka”, ba ya tunawa, tsoro kawai za ka ƙara masa. Kuma ka faɗa wa dattawan ikilisiyarku a sami wanda zai riƙa karɓarka ko da yini ɗaya a mako. In kuma ka ga ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya, ko ta zo da zazzaɓi, kada ka ɗauka tsufa ne kawai, a kai shi likita ya duba.