Wane haikalin Buda zan kai ɗana a Chaina?

Alhaji na Kwari: Salamu alaikum 'yan zaure. Zan shigo Guangzhou sarin kaya wata mai zuwa tare da babban ɗana. Tarihi yake karantawa, yana so ya ga haikalin mabiya Buda da idonsa. Ni Shaolin kawai na sani, tun zamanin finafinan Chainis. Ku ba mu shawara.

Ɗalibin Zhengzhou: Wa alaikumus salam Alhaji. Shaolin na nan lardinmu na Henan, kusa da Dengfeng, an gina shi a 495. Amma tun da fim ɗin Jet Li na 1982 ya fito da sunansa, wurin ya koma na 'yan yawon buɗe ido. Sai ka yanki tikiti, ga wasan kunfu a kan dandamali, ga makarantun horo birjik a hanya. Shugabansa Shi Yongxin, da ya hau a 1999, har manajan kamfani 'yan jarida ke ce masa. A Yulin 2025 haikalin da kansa ya sanar ana bincikensa kan almundahana, aka cire shi. In kun zo, ku wuce can baya inda hasumiyoyin kaburburan sufayen Buda suke, sun haura 200. Nan tarihin yake.

Hajiya Foshan: Alhaji, kada ka wahalar da yaro da doguwar tafiya. Ku je haikalin Guangxiao a cikin Guangzhou da sassafe. Na tarar da wata tsohuwa tana share ganye ƙarƙashin bishiya, sufaye na karatunsu, ba mai tallata maka komai. Kuma da ƙafa za ku taka zuwa masallacin Huaisheng ku yi azahar.

Malam Mai Waya: Na goyi bayan Hajiya. A wani haikalin, ina kallo aka miƙa wa wani dattijo turaren tsinke mai kaurin rake, sai da ya kunna aka faɗa masa kuɗin. Hannunsa na rawa yana buɗe waya ya biya. Ba addinina ba ne, amma wallahi abin ya tsaya min a rai, mutum ya zo da buƙatarsa an mai da shi ciniki.

Ɗalibin Zhengzhou: Gaskiya ne Malam. A 2017 gwamnati ta hana 'yan kasuwa zuba jari a wuraren ibadar addinin Buda da na Tao, ko sa su a kasuwar hannun jari. Sau da yawa ma kamfanin yawon buɗe ido ke karɓar kuɗin ƙofa, ba sufayen ba.

Hajiya Foshan: In da sauran kwana ɗaya, ku hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Shaoguan, ku ga haikalin Nanhua. Gawar babban malaminsu Huineng na ajiye a can tun rasuwarsa a 713.

Alhaji na Kwari: Allah ya saka da alheri. Guangxiao za mu fara. Hajiya, ana barin ɗaukar hoto a ciki?

Hajiya Foshan: A tsakar gida dai ana yi. Cikin ɗakin ibada ku tambaya tukuna.