"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": baki ne ko labari?

Ɗan Tasha: Salam jama'a. Jiya na ji wata tsohuwar waƙa a wayar kawuna, wani dattijo da gurmi yana yi wa Nguru kuka, wai tasha ta zama kango, ba dako ba ƙamshin gyaɗa, samari duk sun tafi ci-rani sun ƙi dawowa. Amshin kuma wannan karin maganar ce. To baki yake mana mu da muka fito ko me?

Yar Gashua: Ba baki ba ne ɗan'uwa, gaskiya ce tsirara. Ni bara na je gida biki, yarinyar da ta buɗe min ƙyaure ta ruga ciki tana cewa Inna kin yi baƙuwa. A gidan ubana fa! Ɗakin da na tashi a ciki an tara buhunan ƙaiƙayi. To wa ya bar wani?

Malam Na Bakin Kasuwa: Ku yi haƙuri, ina ga mawaƙin juya maganar ya yi. Layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, nan ne ƙarshensa, shi ya sa gyaɗa da fatu da ƙaro suke taruwa a can. Sai farin 1973 ya zo, gyaɗa ta faɗi, jirgi ya yi ta ja da baya, ga dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 ya rage ruwan da ke malalowa fadamar Hadejia da Nguru, daga baya ciyawar ruwan nan kachala ta toshe hanyoyin ruwa masunta suka rasa ta yi. Garin ne ya fara barin mutanensa kafin su bar shi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Ɗan Tasha: Allah ya saka Malam, ai zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Yar Gashua: Kai kam neman mafaka kake 😂 Malam na yarda da tarihin, amma kakata in ta faɗi maganar nan ba ta nufin wanda ya je nema, tana nufin wanda ya daina aike, ba gaisuwar mutuwa ba zuwa sallah. Ɗan ci-rani da damina ta faɗi ya dawo gona ai bai bar gida ba.

Ɗan Tasha: Hmm. Ni rabona da can sallah huɗu kenan.

Yar Gashua: To kai ake wa waƙar.