Wutar sola da ta iska a Antatika: wa ke kafawa, wa ke biya?

Mai_Sola:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata haɗa sola ce, kuma babban abokin gabarmu a wajen aiki shi ne zafi. Farantin da aka rubuta wa wat 550, ba ka ganin 550 ɗin nan da tsakar rana a watan Afrilu, batura kuwa zafi ne ke tsufar da su. Sai ga shi na ji ana cewa a Antatika, can ƙuryar kudancin duniya, akwai tashoshin bincike da ke aiki da sola da iska. Wurin da rana ke ɓacewa wata shida, me faranti zai ci? Sannan an ce nahiyar ba ta kowa ba ce. To wa ke kafa kayan, wa ke biya? Ko kowace ƙasa ta kanta take yi?

Tsohon_Injiniya:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Sola. Wata shidan nan na duhu sai a tsakiyar nahiyar. A tashar McMurdo ta Amurka, wadda ke bakin teku, rana kan faɗi a ƙarshen Afrilu ta dawo a ƙarshen Agusta. Daga nan kuma, a lokacin zafinsu, ranar ba ta faɗuwa sam har na tsawon watanni, kuma a lokacin ne mutane suka fi yawa. Faranti kuwa, ka fi ni sani, haske yake so, ba zafi ba. A sanyi ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, ga ƙanƙara tana maido masa da haske daga ƙasa. Idan duhu ya shigo, sai iska ta karɓi aiki, kuma iskar can ba ta wasa ba ce.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nama. Yarjejeniyar Antatika, wadda ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959, ta jingine maganar mallakar ƙasa ta ware nahiyar don bincike da zaman lafiya. Amma babu wani asusu guda da ke biyan kuɗin wuta. Kowace ƙasa ita ke riƙe da tasharta. Abin da ya haɗa kansu man dizal ne, domin kowace lita sai an yi mata jigila.

Dubi tsibirin Ross, inda McMurdo take. McMurdo na ɗaukar mutum kusan 1,000 a lokacin aiki, tashar Scott Base ta Niyu Zilan kuma ƙarama ce, tsakaninsu kamar kilomita 3. Sau ɗaya a shekara jirgin ruwa ke kawo mai, kuma sai wani jirgin ya riga shi ya fasa masa hanya a cikin ƙanƙara. A farkon 2010 aka buɗe injinan iska uku a kan tudun Crater Hill, kowanne kilowat 330, suna ba tashoshin biyu wuta. Niyu Zilan ce ta gina, tare da kamfanin Meridian Energy, a matsayin nata kason cikin tsarin sufurin da take tarayya da Amurka a kai. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan: kai ka kawo manyan jirage, ni in kawo wuta. An ƙiyasta suna rage ƙona dizal da lita 463,000 a shekara.

Ga abin da zai ba ka dariya a matsayinka na mai haɗa waya. Wutar Amurka na tafiya a kan hats 60 (wato yawan juyin da wutar ke yi a daƙiƙa ɗaya), ta Niyu Zilan a kan 50. Kafin maƙwabtan nan su sha daga layi ɗaya, sai da aka girka na'urar da ke juya wannan zuwa wancan. Su kuma ƙafafun injinan, tubalan kankare aka zubo tun daga Niyu Zilan aka kawo, aka dasa su a ƙasar da ta daskare.

Akwai kuma tashar Casey ta Ostireliya. A 2019 suka kafa faranti 105, kilowat 30, tare da kamfanin Masdar na Abu Dhabi. A tsaye aka manna su jikin bango, suna fuskantar arewa, saboda ranar can ba ta hawa tsakiyar sama. Ka ga mutanen hamada sun je taya mutanen ƙanƙara aiki.

Malamar_Jogarafi:

Injiniya, ka tsallake wadda ta fi burge ni, tashar Princess Elisabeth ta Beljiyam da aka buɗe a Fabrairun 2009. Ita tun daga zane aka tsara ta don ta rayu da iska da rana: injinan iska tara, farantai a bango da rufi, batura a tsakiyar ginin inda sanyi ba ya kai musu. Kwamfuta ce ke rabon wutar bisa muhimmanci. Idan wuta ta yi ƙasa, ɗumama gini da tace ruwa ne a gaba, mai son cajin kayan nishaɗinsa sai ya jira. Masu bincike daga ƙasashe daban-daban na sauka a can, kuma galibi ta Cape Town suke bi.

Ba_A_Ruɗa_Ni:

Ku yi haƙuri, Malama da Injiniya, amma kun ɗan zuba wa labarin zuma. Lita 463,000 ɗin nan kusan kashi 11 cikin 100 ne kawai na man da tashoshin biyu ke ƙonawa don wuta. Sauran fa? Tashar Beljiyam kuwa mutane na zama ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ita ma tana da janareta a ajiye. A tashar Mawson, Ostireliya ta kafa injinan iska biyu a 2003, a 2017 kan ɗaya ya faɗo ƙasa. Har yanzu taraktoci ke jan mai kusan kilomita 1,600 daga McMurdo zuwa tashar Amurka da ke tsakiyar nahiyar.

Tsohon_Injiniya:

Gaskiyarka ne, ɗan'uwa, kuma ban ce an rabu da dizal ba. Babu shugaban tashar da zai jingina ran mutanensa da iska kaɗai a tsakiyar hunturu, lokacin da kai ɗauki kan ɗauki makwanni. Amma ka tuna Amurka ta taɓa gwada wata hanyar: ta sa ƙaramar tashar nukiliya a McMurdo daga 1962 zuwa 1972, matsaloli suka yi yawa, aka kwance ta, har ƙasar da ta gurɓata aka kwashe a jirgi. Ƙa'idar Madrid ta 1991, wadda ƙari ce a kan Yarjejeniyar Antatika, ita kuma ta tsananta dokar muhalli, don haka man da ya zube a ƙanƙara babban aiki ne ga mai shi. Duk litar da ba a kawo ba, an huta da kuɗinta da haɗarinta. Shugabannin shirye-shiryen binciken Antatika na ƙasashen na da majalisarsu, COMNAP, tun 1988, inda suke musayar abin da ya yi aiki da abin da ya lalace.

Mai_Sola:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Injiniya, saura ɗaya: batirin litiyam fa? Mu nan an hana mu barinsa a ɗaki mai zafi.

Tsohon_Injiniya:

Can kuma sanyi ake guje masa. Litiyam na yau da kullum ba a cajinsa idan sanyi ya kai ƙasa da sifiri, lalacewa yake yi, don haka sai a ɗaki mai ɗumi. Kuma idan za ka jera farantai a irin wannan wuri, ka rage adadinsu a kowane layi, domin sanyi na ɗaga boltejinsu har ya wuce abin da inbata za ta iya ɗauka.