Chew ko gnaw: wanne ne na ƙashi?

Uwar biyu:
Assalamu alaikum. Ɗana ya rubuta a aikin gida na Turanci cewa kare yana "chew" ɗin ƙashi, malaminsu ya ja masa jan biro ya sa "gnaw". Abin ya dame ni, don ni na koya masa. Ina bambancin?

Tsohon malami:
Hajiya, "chew" tauna ce kawai, kamar ta nama ko goro. Daga ita muka samu cingam. "Gnaw" kuwa gwaguya ce, yadda ɓera ke yi wa buhun masara. Kalmar malamin ta fi dacewa, amma yaron bai yi kuskure ba.

Ɗan Zariya:
Baba ya faɗi gaskiya. Akwai kuma "crunch", idan ƙuli-ƙuli yana ƙara ƙarmus-ƙarmus a baki. Tuƙar saniya kuma "chew the cud" suke ce mata.

Uwar biyu:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Yau zan nuna masa da ƙashin miya.